Gabdo, Wanda Ya Hana Mu Makokin Yaji

Ni dai ban iya rubutu ba, faɗa nake yi ana sawa a takarda. In kun ga kuskure, ba daga bakina ya fito ba.

Kullum da safe Gabdo yana tahowa daga Digil a kan kekensa, ya jingina shi a jikin rumfata inda nake sayar da kunu a bakin kasuwar Mubi. Sai ya gaishe ni da Fillanci ya ce, "Dada, a wali jam?" Ya sha kofi ɗaya, ya ce sukari ya yi kaɗan, ya buɗe shago. Tun yana gyaran rediyo nake ganinsa, har ya koma kwamfutar nan da ake ninkewa kamar faifai biyu, laftof. Yanzu ido ya fara ba shi wahala, wai zai ajiye sukundireba. Shi ya sa na ce bari in yi magana tun yana ji.

Bayan 'yan bindiga sun fita daga garin nan mun dawo, gida ba ƙofa, waya ba sabis. Maƙwabciyata Salome ta dawo ba mijinta. A dutse suka rabu da mijin nata, Yaji, ranar gudu. Dangin miji suka jira har suka gaji, suka sa ranar makoki, aka sayi shinkafa. Salome ta ce ita ba za ta zauna a tabarma ba, don wani direba ya ce ya ga mai kama da shi a sansanin gudun hijira a Kamaru. Wata ma'aikaciya a can ta yarda za ta nuna shi ta kwamfuta, in mu nan muna da abin kallo.

A wani asibiti an kafa faranti mai jawo intanet ta iska. Laftof kuma akwai, tsoho, na taimako. Gabdo ya zuba masa Linuks, abin nan na kyauta da kowa ke iya leƙa cikinsa ya gyara. Komai ya tashi, ban da wayalas. Na ce, "Wane ne kuma shi?"

Ya nuna mini wani ɗan kati kamar farcen babban yatsa. Ya ce, "Dada, wannan ne kunnensa, da shi yake kama intanet ɗin. Kamfanin da ya ƙera bai ba da abin da zai sa shi ya ji yaren Linuks ba."

"To ka tambaye su mana."

"Na tambaya. Sun ce ba su san da mu ba."

"Mu ma ba mu san su ba, ai mun yi kunnen doki."

Ya ciro kati daga wani laftof ya sa. Laftof ɗin namu kuma ya yi fushi, fuska baƙi ƙirin, ya ƙi tashi sam. Ashe masu ƙera shi sun hore shi kada ya karɓi baƙo, sai ɗan gidansu. Ƙabilanci har cikin ƙarfe, jama'a!

Salome ta tsaya a ƙofar shago ta ce, "Baba Gabdo, jibi ne fa."

Ya ce, "Na ji, uwar ɗakina. Kar ki bari su ɗora tukunya."

Kai Gabdo, a nan ne na san kanka ba na ɗaukar hula kawai ba ne. Kai ne ka tuna lokacin gudu kowa ya binne kayansa. Ka rufe shago, ka ɗaure fartanya a bayan keke, kana bin gida gida kana tambaya wa ya binne laftof ɗin da damina ta kashe. Mutane suna dariya, wai Gabdo ya koma haƙar gwaza. A Bahuli wani malamin makaranta ya ce nasa yana ƙarƙashin garken awaki. Ka tono shi, ya ruɓe, wari kamar me, amma na kamfani ɗaya ne da namu, kunnen kuma wani iri ne da Linuks ya san yarensa. Ka wanke shi da fetur da buroshin haƙori, ka dasa.

Muka kwasa zuwa asibiti, har da yayan Yaji, ya zo ya ga ƙarya da idonsa. Gilashi ya yi hazo, ya washe, sai ga Yaji, ya rame kamar kara. Salome ta matsa kusa da gilashin. Shi kuwa ya matso da hanci ya ce, "Salome? Kin shuka gyaɗan nan kuwa, ko kin tsaya kuka?"

Ta ce, "Mutu ka gani in zan shuka!" Sannan ta fashe da kuka.

Yayan ya cire hula ya zauna a ƙasa. Shinkafar makoki dai an dafa ta ranar da aka sa, amma da kiɗa muka ci. Ni na yi ƙari.

Daga nan laftof na makarantu da na coci da na Islamiyya suka yi ta zuwa da kurmancinsu, suna komawa suna ji. Ba wanda ya ba Gabdo lambar yabo. Gabdo na Digil, mai buɗe kunnen ƙarfe, useko, mun gode, Allah ya ƙara wa idonka haske.

Ku kuma masu ƙera abin nan, in labari ya kai muku, ku daina toshe masa kunne, akwai mutane a nan. Samarin Mubi, ku bar danna waya a gindin bishiya ku je ku zauna kusa da Gabdo tun hannunsa yana motsi. Wanda ke shakka ya je gonar Yaji, yana can yana faɗa da Salome a kan gyaɗa.