Ƙofar Zaribar Abdulganiyu

Gwadabe mai gyaran lagireto ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum, shekara ashirin da shida a rumfa ɗaya. Ubansa, Malam Ɗantsoho, ya baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare, ya tsaya aikin madatsar Jabal Auliya. Zazzaɓi ya kashe shi a hanyar dawowa Khartum, aka binne shi gindin wata ƙaya kudu da Alshajara, Gwadabe yana ɗan shekara tara.

A watan Disamba na 1973 Gwadabe ya sami gurbi cikin ayarin maniyyatan unguwar Mayo. Jirgin ƙasa zai tashi ranar Alhamis da ƙarfe takwas na safe zuwa Bur Sudan, shi ne na ƙarshe da zai cim ma jirgin ruwan alhazai. Ranar Litinin ya ce wa matarsa Barira zai je ya yi wa tsoho sallama, ya gaya masa tafiyar da ya fara za a ƙarasa ta.

"To, kar ka biye wa shayin Larabawa," in ji Barira. "Na san ka, ba ka iya cewa a'a ba."

Sai ya tarar an kewaye wurin da waya. Wani mai shanu, Abdulganiyu, ya sayi filin ya yi zariba, wato shingen dabbobi, garke a tsakiya, gida a gefe. Akwai inda wayar ta kwanta, kabarin kuma bai fi taku arba'in daga nan ba. Gwadabe bai tsallaka ba. Ya zagaya ta ƙofa, ya tafa hannu, ya jira. Da aka buɗe masa ya mayar da ƙyauren yadda ya same shi. Bai tsura wa shanun ido ba, don kada a ce ƙirga su yake, bai kuma waiwayi sashen mata ba.

Abdulganiyu, ƙaton mutum mai babbar murya, da ya ji abin da ya kawo baƙon sai idonsa ya cika. Shi da kansa ya raka shi kabarin, ya tsaya nesa har aka gama addu'a. Suna dawowa Gwadabe ya fara neman sallama.

"Ina? Ɗan mamacin da ke kwance a ƙasata ya fita da yunwa? Na rantse da sakin matata, ba za ka ƙetare ƙofar nan ba sai na yanka rago mun ci tare, hannuna da naka a akushi ɗaya!"

A nan ne ya kamata Gwadabe ya ambaci jirgi. Amma Litinin ce, rana ma ba ta yi tsaka ba, kuma ba a yi wa mai gida ƙorafin lokaci alhali yana karrama ka. Ya ce, "Allah ya ƙara arziki," ya zauna a kan gadon igiya.

Ba a kai ga kamo ragon ba sai ga mota da labari: shanun Abdulganiyu da ake korowa daga yamma sun kamu da ciwo a bayan Omdurman, suna faɗuwa. Ya zari rawaninsa, ya kwashi makiyayansa, yana ɗaga hannu daga motar: "Yanzu zan dawo, ya Hajj! Gida gidanka ne!"

Bai dawo ranar ba. Talata ma haka.

Ƙofar ba ta da kwaɗo, igiya ce kawai aka saƙala. Daga gadon igiyar Gwadabe yana hango titi, yana ganin motocin da ke tafiya Khartum. Ya je bakin ƙofar sau bakwai ranar Talata, ya ƙirga. Kowane zuwa sai ya gyara ƙullin igiyar ya komo. Shi ɗan malami ne, ya san hukuncin irin wannan rantsuwa: ƙafarsa na fita, auren wata baiwar Allah da bai taɓa ganin fuskarta ba ya mutu.

Ranar Laraba da hantsi, matar gidan, Sittana, ta turo tiren kisra, wainar dawa ta mutanen ƙasar, ta ƙarƙashin labulen tabarma, ta yi magana daga ciki.

"Ya Hajj, abinci yana dawowa kamar yadda ya tafi. Girkina ne bai yi ba, ko ku Fallata, mutanen yamma, sai an sa muku barkono kamar za a kashe mutum?"

Sai a lokacin ya faɗa mata zancen jirgi. Ta yi salati, ta tafa hannu.

"Tashi ka tafi, bawan Allah! Mutumin nan da saki yake rantsuwa ko shayi ne ya huce. Da tana kamawa, da an sake ni sau ɗari."

"Uwar gida, cikin waɗanda ya rantse wa, akwai wanda ya taɓa tafiya bai ci ba?"

Ta gyara labulen tabarmar.

"Babu," ta ce.

"Saki nawa ya rage tsakaninku?"

"Ɗaya." Muryarta ta yi ƙasa.

Ta aika wa mijinta saƙo da motar madara, direban ya dawo da la'asar ya ce bai same shi ba. Gwadabe ya ba shi wani saƙon zuwa ga Barira, cewa yana lafiya, kada ta kai kaya tasha.

Ranar Alhamis ya yi sallar asuba, ya zauna gindin ƙayar da agogonsa a tafin hannu. Ya kalli allurar har ta hau takwas, sannan ya mayar da agogon aljihu. Ya ce wa kabarin, "Baba, nan ma dai muka tsaya."

Abdulganiyu ya iso bayan azahar, fuska duk gajiya, ya yi asarar shanu goma sha ɗaya. Ya ga baƙo ya yi dariya: "Kai, har yanzu kana nan? Wallahi kai mutum ne!" Aka yanka rago. Gwadabe ya sa hannu a akushi ya ci loma uku, ya jajanta masa asarar shanu, bai ce komai game da jirgi ba. Sittana ce ta faɗa wa mijinta, bayan baƙon ya tafi.

Barira ta tarbe shi a ƙofar gida, hannu a ƙugu.

"Sannu da zuwa, Alhajin Zariba. Yaya mutanen Makka?"

Ta juya ciki da sauri, ya ji tana fyace hanci. Sunan kuwa ya bi shi har mutuwarsa. Shekarar da ta biyo hayaƙin dalma ya fara cin idonsa, wadda ta biyo bayanta ba ya iya tafiya sai da jagora, Makka kuma bai je ba.

Abdulganiyu ya kewaye kabarin da tubali, ya hana shanu zuwa wajen. Duk shekara, idan maniyyata sun fara haɗa kaya, Barira takan riƙo hannun mijinta su hau mota zuwa zaribar. Yakan tsaya a waje, hannunsa a kan igiyar ƙofa, ya ɗaga murya kafin ya shiga:

"Mai gida, baƙo ne. Amma ka fara yi mini alkawari ba za ka rantse ba."