Kwandon Laminu Yana Nan a Zaurena

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Laminu Mai Kwando ya rasu.

Labarin ya iske ni yau da safe ina zaure, ko kunu ban kurɓa ba. Malam Habu ne, ɗaya daga cikin masu lambun Mirriya, ya kira ni a salula. Bai ma yi sallama ba. Ya ce, "Baba, rijiyata ta rufta da Laminu jiya da la'asar." Na ce wane Laminu? Alhali na san Laminu ɗaya ne zai shiga rijiyar da ba tasa ba.

Na je, an yi masa salla, mun kai shi, na dawo. Masu bin shafin nan kun san ni da barkwanci. Yau ku yi haƙuri da ni, raina a ɓace yake.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne dogon nan mai babur mai ƙafa uku da ke kutsawa lungunan Birni da Zango kowace Alhamis, bayansa cike da kwanduna. Ya haɗa kan wasu masu lambu a Mirriya waɗanda suka ce su ba takin zamani, ba feshin magani, sai takin dabba da toka da ruwan ganyen dogon yaro. Su suna nomawa, shi yana kawo mana har ƙofar gida. Ba ka zaɓar abin da ke cikin kwandonka. Abin da lambu ya bayar a makon shi ne rabonka: salati, shu wato kabeji, tumatir, albasa, yakuwa, wani lokacin zogale kawai da ban haƙuri.

Dokarsa ɗaya ce: kwando ba ya komawa fanko. Ya ajiye maka sabo, ya ɗauki na makon jiya, kuma lalle ya tarar ka ƙulla masa kashin awakinka da tokar murhunka a tsohon buhu ka sa a ciki. Wannan yake mayar wa masu lambu su yi taki.

Ranar farko matata Hajiya ta ce ita da girmanta ba za a mai da ta mai tsintar kashin akuya ba. Yanzu in akuyar maƙwabta ta shigo gidanmu ba ta korar ta, sai ta gama abin da ya kawo ta.

Jikan aminina ne, Allah ya jiƙan kakansa, don haka wasan jika ne tsakaninmu. Bai taɓa gaishe ni gaisuwar arziki ba. Daga bakin ƙofa zai ɗaga murya:

"Tsoho, har yanzu kana nan? Ka tafi mana in gaji Hajiya!"

Ni kuma in ce, "Ɗan nema, da wannan gwangwanin naka za ka ɗauki amarya?"

Hajiya daga ciki ta ce, "Ƙyale shi, angona. Me ka kawo mini yau?"

Shekarar da ƙafata ta kumbura, shi ya ɗauke ni zuwa likita a bayan babur ɗin, tsakanin kwanduna. Yana tuƙi yana waiwaye: "Zauna a hankali, Tsoho, shu ɗin nan ya fi ka tsada." Ya jira har aka gama duba ni, salatin mutane na yaushi a rana. Ban ji ya taɓa faɗa wa kowa ba.

Sai shekarun nan na fari suka zo mana a jere. Ruwan rijiyoyi ya yi ƙasa, kwando ya rame. Tumatir ya koma kamar ƙwan tantabara, ganyen shu duk huda. A nan gidaje da yawa suka janye, suka koma wa tumatir mai sheƙi da kamiyo, manyan motocin kaya, ke kawowa. Wani babban mutum a unguwarmu ya ce da shi, "Ni zan ci ragowar tsutsa?" Laminu ya ce, "Alhaji, ai tsutsar ta ci ta tashi lafiya. Wanda ko tsutsa ta ƙi shi za ka ji wa tsoro." Alhajin ya mayar masa da kwando. Na gan shi ɗazu wajen jana'iza a sahun gaba, yana share ido. To, Allah ya karɓa.

Bana da hadari ya haɗu daga gabas mun ce Alhamdu lillahi. Ashe iska ce a gaba, ruwa a baya kamar da bakin ƙwarya. Darnin lambuna ya kwanta, itatuwa suka karye, ruwan kwari ya kwaso yashi ya ɗura a rijiyoyi har baki. Da ya gama ɓarnarsa sai sama ta sake rufewa, ko ɗigo. Wato ruwan ya zo ne kawai ya binne ɗan ruwan da ya rage.

Laminu bai tsaya jiran kowa ba. Ya kira gayya, ya yi ta jigilar kara da itace aka ta da darni, ya karɓo iri daga wajen waɗanda nasu ya tsira ya rarraba wa waɗanda nasu ya tafi. Darni aikin hannu ne, an gama shi. Rijiya ce matsala. Ƙasar wurin yashi ce, ga ta ta jiƙe ta saki. In ba a jera mata zobban siminti ba, mai yasa yana haƙa tana zubowa a kansa. Kowane mai lambu ya san haka.

Sai aka ji wani proje na masu ba da agaji ya kawo taimako ga waɗanda iska ta yi wa ɓarna, har da zobban siminti. Laminu ya zo ya ce, "Tsoho, sa babbar rigarka. Zo da furfurarka, ko za a ji kunyarta."

Muka je buro, wato ofishinsu. Ga zobba nan jibge a bayan gini, sababbi, awaki na kwance cikinsu suna shan inuwa. Mutumin proje ya tarbe mu da fara'a, ya ba ni kujera, har da ruwan sanyi. Ya ce taimakon ƙunshi guda ne, su suna ce masa kit: zobba, da buhunan takin zamani, da maganin feshi, da iri.

Laminu ya ce, "Ranka ya daɗe, mun gode. A ba mu zobban, takin da maganin a ƙara wa masu so. Suna da yawa."

"Kit ne. Ba a raba shi."

"Ba mu ce a ƙara mana komai ba fa. Ragewa muka ce a yi."

"Haka aka tsaro shi daga sama. Kuma ma'aikatanmu za su zo su ga an zuba a gona, su ɗauki foto."

Na sa baki, na ce, "Ɗana, mutanen nan sun yi shekaru suna kiwon ƙasarsu da toka da kashin akuya. Ƙishirwa ce ta kawo su, ba yunwar taki ba."

Ya yi murmushi irin na wanda ya ji tsoho ya yi magana. Ya ce, "Baba, ku kuka koya mana, wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi."

Wallahi haka ya ce. Tun safe maganar nan take yi mini amsa-kuwwa a kunne.

Muna yara kakata tana ba mu tatsuniyar wani marowaci da ke ba baƙo ruwa, amma da sharaɗin sai ya haɗiye har da ludayin. Mukan yi dariya mu ce, "Kaka, wannan kam ƙarya ce." Allah ya jiƙan Kaka, ashe ba ta taɓa yi mana ƙarya ba. Sai dai ba ta faɗa mana marowacin yana da mota da kilima mai sanyaya ofis ba.

A hanyar dawowa na ce masa, "Kai ma ka cika taurin kai. Karɓi duka mana. Ranar foto a watsa ɗan kaɗan a gefen lambu, sauran a kai kasuwa. Wa zai sani?"

Ya tsai da babur ya juyo, kuma karo na farko bai ce mini Tsoho ba. Ya ce, "Baba, ni ba ni da takarda, ba ni da tambari. Gidajen da ke cin kwandon nan maganata kawai suke ci. In na karɓa na sayar, na ci amanar waɗancan. In na zuba, na ci amanarku. Wanne kake so in ci?"

Sai ya ta da babur ya ce, "Ka ga? Shi ya sa Hajiya ta fi sona."

Alhamis da ta wuce ita ce ganina da shi na ƙarshe. Kwandon da ya kawo ba komai ciki sai zogale da 'yan albasa. Hannuwansa duk sun tsage saboda igiya. Ya ce sun fara yasar rijiyoyin da kansu, ɗaya bayan ɗaya, saboda dashen tumatir ba zai jira seremoni da bikin masu proje ba. Na ce waye ke shiga? Ya ce, "Masu lambun duk sun manyanta, ni ne mai sauran ƙashi." Hajiya ta ce, "Angona, ka bar shiga ramin nan." Ya ce, "In ban shiga ba, da me zan yi miki lefe?" Ya ɗauki tsohon kwando ya jijjiga, ya ce awakinmu sun yi rowa wannan makon, in ƙara musu dusa.

Shi ke nan. Ya tafi yana dariya.

Kada wani ya zo ƙarƙashin rubutun nan ya karanta mini cewa kwana ne ya ƙare. Na sani. Na girmi wannan wa'azin. Ban ja da ikon Allah ba, kuma ba zan ja ba. Amma Allahn da ya rubuta kwanan Laminu shi ne zai tambayi wanda ya zauna kan zoben siminti yana jiran a haɗiye ludayi. A hanyata ta dawowa daga makabarta na sa mai kabu-kabu ya bi ta bayan buron nan. Zobban suna nan yadda muka bar su. Awakin ma suna nan.

Kuma ba su kaɗai nake fushi da su ba. Da iska ta yi ɓarna Laminu ya sa hotunan lambuna a nan fesbuk. Na sake dubawa ɗazu. "Allah ya kyauta" ta fi yashin da ke cikin rijiyar yawa. Mun ci salatinsa shekara da shekaru, muna yi wa baƙi alfahari cewa namu ba magani, amma ba mu taɓa tambayar da wace igiya ake jawo ruwan ba.

Yanzu ga inda magana take. Bayan an watse daga makabarta Malam Habu ya ja ni cikin lambuna. Sauran rijiyoyin na cike da yashi, kuma ba mai sake shiga, ba kuma wanda zai ce a shiga. Dashen tumatir da na shu sun sunkuyar da kai, da tulu ake ɗauko musu ruwa daga nesa, ana ba su kamar magani. Habu ya ce, "Baba, mutane sun ce gobe ko jibi za su je su karɓi kit ɗin. Mun gaji. Ni kuma ko kallon rijiyata ba na iya yi."

Ban ga laifinsu ba. Wanda ya ga laifinsu ya zo ya ɗauki tulu. Amma in suka karɓa, abin da Laminu ya ƙi sayarwa da rai an saye shi ranar sadakar ukunsa.

Na roƙe su su ba ni zuwa jibi.

Akwai magini a Zango mai ƙwaryar zuba zobban nan. Na biya ta wajensa, ya ce aikin hannunsa sadaka ne ga Laminu, siminti da ƙarfe kawai yake buƙata. To gobe Alhamis. Duk gidan da kwandon Laminu ya kwana a cikinsa, a Birni ko a Zango, ku kawo shi ƙofar gidana da hantsi, kun san zauren. Waɗanda suka janye lokacin fari, ku ma ku zo, ba zan kalli fuskar kowa ba. Alhajin sahun gaba, har da kai. Dabino da goron sadaka suna da kyau, a kai wa iyalinsa. Amma a kan kowane kwando ina so in ga siminti, ko rabin buhu ne, ko ƙarfe ɗaya. Wanda ba shi da hali ya kawo tokarsa da kashin awakinsa kamar kullum. Dokar ba ta mutu ba.

Namu yana nan a zaure. Da na dawo na tarar Hajiya ta cika shi har ya yi tozo, ta ɗaure bakin buhun. Sai da na zauna na fara rubutun nan ta leƙo ta ce, "Kai ne fa ya kamata ka riga shi. Haka muka yi da shi."

Na ce haka ne, Hajiya. Yaron bai taɓa saɓa alkawari ba sai wannan.

Ya Allah, ga Laminu nan ya zo maka da yashi a gashinsa. Ka wanke shi da rahamarka, ka yalwata masa kabarinsa fiye da ramin da ya ƙuntace shi, ka shayar da shi kamar yadda ya mutu yana nema wa shukar wasu ruwa. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, ka tsaya musu. Ka sanyaya zuciyar Malam Habu. Ka ba mu damina mai albarka, ba mai ɓarna ba.

Wanda ya karanta ya tsaya ya yi masa Ƙulhuwallahu, don Allah, kafin ya wuce. In ya shafa, ya je ya duba inda ya ajiye kwandon.