Zauren da Barmo Ya Rushe

Da an sallame sallar asuba Barmo yana cikin rami a bayan gari, wando naɗe har gwiwa, yana kwaɓa ƙasa da ƙafa. Maginin rumbu ne, a wani ƙauye na bakin kwalta tsakanin Malbaza da Badagishiri. Ba ya awo da igiya. Da ido da tafin hannu yake ɗora ƙasa bisa ƙasa, har rumbu ya tashi ya yi ciki kamar tulu, ya fi tsawon mutum biyu. A ƙofar gidansa akwai manyan rumbuna na gado, da tsohon zauren ƙasa wanda ubansa ya gina.

Sana'ar ba ta ciyar da gida shekara. Da an yi girbi samarin garin sukan watse, wasu Sakkwato, wasu Abijan. Barmo ya haifi maza uku. Biyu sun tafi cin rani bayan fari na tamanin da huɗu, tun ana jin labarinsu har aka daina. Saura ƙaramin, Mato, mai mata da ɗa guda. Barmo bai taɓa faɗa da baki ba, amma garin duka ya san abin da yake so a duniya: Mato ya zauna.

A shekarun nan ne motocin nasaru 'yan yawon buɗe ido suka yawaita a hanyar. Daga Yamai suke tasowa, su kwana Ƙonni, su nufi Agadas. A can suke zubar da abin da suka zo da shi. Garuruwan tsakani sai dai su ɗaga musu hannu. Ran nan motar wani direba, Mahaman, mutumin Illela, ta yi zafi daidai ƙofar Barmo. Nasarun suka fito, suka ga rumbuna, suka manta da mota. Suka shiga zaure suna shafa bango, suka zauna bisa tabarma suka ƙi tashi. Da suka miƙo kuɗi don hoton da suka ɗauka, Barmo ya janye hannu. Baƙo ba ya biyan inuwa.

Daga ranar Mahaman ya riƙa tsayawa duk tafiya, wasu direbobi suka bi shi. Abin da Barmo ya ƙi karɓa, garin ya same shi ta wata hanya. Matarsa Gimbiya ta kafa kaskon ƙosai. Matan unguwa suka fito da faifai da tabarmi, Bafulatana ta kawo nono, maƙeri ya baje wuƙaƙe. Mato ya sayi buta da gawayi yana dafa shayi, ya koyi ɗan Faransanci a bakin mota, yana zagaya da baƙi yana nuna musu yadda ake zuba damman gero ta bakin rumbu. Rani ya zo, abokansa suka hau mota, shi bai je ba. Wani ranin ma haka.

Abu guda ne ke cin Barmo. Mutane sun taso daga ƙasa mai nisa, a zaunar da su a ƙasa, kaji na ratsa tsakaninsu, gara na cin azara bisa kansu. Wata tsohuwar banasara ta buga kai da ƙofar zaure, don gajeriya ce. Ta yi dariya, shi kuwa kwana ya yi yana jin kunya.

"Gimbiya, wanga abu ba mutunci ba ne. Ko surukina yaz zo ba ni aje shi nan."

"To, malam, su sunka ce maka ba su so?"

"Baƙo na faɗi? Mai gida ka gani da idonai."

Da damina ta tsaya, motoci suka ɗauke, sai ya sayar da san noma da amalanke, ya sayo siminti a Malbaza da kwano a Ƙonni. Ya rushe zauren ubansa da hannunsa. Rumbunan ƙofa ma ya kwantar da su don a sami wurin aje motoci, ya gina ƙanana a cikin gida inda baƙo ba zai gani ba. Mato ne ya yi masa lebura, yana murna. Aka tashi ɗaki mai kusurwa huɗu, da ƙofar ƙarfe, da shuɗin fenti, da benci. Mutanen gari suka zo kallo, liman ya yi addu'a.

Da sanyi ya shigo Mahaman ya iso da motar farko. Barmo yana tsaye da sabuwar riga. Nasarun suka leƙo ta taga, suka dubi ɗakin, suka dubi juna. Ɗaya ya fito ya zagaya yana neman abin da ba ya nan. Ba wanda ya shiga.

"Baba, ina rumbunan? Ina zauren?" in ji Mahaman.

"Ga ɗaki na mutane na yi masu."

"Wayyo Baba! Irin wanga ɗaki shi sunka baro gida. Ƙasar nan taka ita ta ka tsai da su."

"Ƙasa? Ƙasar da kowa ka takawa?"

"Ita fa."

Suka sha shayin Mato a tsaye, suka wuce. Direbobi suka sami wani ƙauye gaba da Badagishiri mai rumbuna a bakin hanya. Ƙosan Gimbiya ya koma na 'yan lakwal, yaran makaranta.

Barmo bai yi wa kowa ƙorafi ba. Ya koma rami. Ya ce wa Mato ya ba shi rani guda, zai mayar da kome yadda yake. Ya kuwa tayar da rumbu biyu a gefen ɗakin, masu kyau, sun fi na da. Ba su gama bushewa ba aka fara jin tashin hankali a arewa, hanyar Agadas ta zama sai da rakiyar soja. Motocin baƙi suka ragu, sannan suka ɗauke ƙaf. Mahaman kansa ya koma ɗaukar awaki.

Mato ya jira har girbi. Ba sa, ba amalanke, gona ta ba da kaɗan. Ya durƙusa gaban ubansa ya nemi izinin tafiya Abijan. Barmo ya dube shi ya ce:

"Tashi. Allah shi kiyaye hanya."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Matar Mato ta zauna shekara, iyayenta suka zo suka tafi da ita da yaron.

Ni direba ne, ɗan garin. Ganina da Barmo na ƙarshe, ina jan babbar mota da albasa zuwa Abijan. Ya fito tsakiyar kwalta ya tare ni, ya rame, da ƙullin gumba a tsumma.

"Ka kai ma Mato."

"Baba, wace unguwa yake?"

"Ka tambaya. Dogo ne, yana da wushirya."

Na buɗe baki in gaya masa girman garin, na fasa. Na miƙa hannu in karɓa, ya ƙi ba ni. Ya taka taya ya hau da kansa, ya ɗaure ƙullin a jikin ƙarfe, can sama inda ruwa ba zai taɓa ba. Ya ja igiyar ya ji ta kama, ya sauko, ya matsa gefe ya ba ni hanya.