Matar da Ta Zama Mutum Biyar

A ofis ana ce mata Mama, a unguwa kuwa Uwar Ofis, don shekara ashirin da biyu ke nan tana fita da sassafe da jaka a hammata, ta dawo bayan la'asar tana ƙamshin ganyen shayi da sabulun wanke-wanke. Karatunta bai wuce aji huɗu ba. Amma ta san kofin kowa, ta kuma san wanda yake zuba sukari cokali uku alhali ya rantse wa matarsa ya daina.

Wurin aikin nata cibiya ce ta masu nazarin manufofin gwamnati, irin waɗanda ake kira masu ra'ayin 'yan mazan jiya. Suna hawa na biyu a wani tsohon bene, sama da shagon mai sayar da tayoyi. Ba sa sayar da komai, ba sa gyara komai. Zama suke yi su yi ta rubutu, a buga, a sa masa bango mai ruwan toka, a aika wa manya. Maganarsu kullum ita ce gwamnati ta rage tsoma hannu a harkar mutane, a sassauta haraji, a bar wa iyaye tarbiyyar 'ya'yansu. Wannan ta ƙarshen ta kwanta wa Mama a rai. Sauran ta bar wa masu ilimi.

Da farko ta ɗauka ɓarnar takarda kawai ake yi. Sai wata rana ta ga direban wani babban jami'i ya hawo benen yana haki, wai an aiko shi karɓar kwafi goma. Bayan wata biyu aka soke wata doka da ta daɗe tana damun masu ƙananan shaguna, kuma kalmomin da aka faɗa a rediyo su ne waɗanda ta sha ji ta bayan ƙofar ɗakin taro tana riƙe da faranti. Daga ranar ta fara goge kantar littattafan nan da ladabi.

Shugaban wurin Farfesa ne, dogo siriri, mai shan shayi ba sukari. Ya tsani ƙarya, ya kuma tsani a gyara masa tebur. Shi ne ya ba da umarni aka ware mata ɗan lungu bayan firij inda take shimfiɗa abin sallarta, ba ta kuwa manta masa da wannan ba. Wanda ke rubuta yawancin rahotannin kuma Mai Gilashi ne, magidanci mai 'ya'ya uku, mai ciwon baya, wanda ba ya shiri da rana ko kaɗan.

To, ka'idar cibiyar ce duk rahoton da za a fitar sai an sa muryar talakawa a ciki. Kamata ya yi Mai Gilashi ya shiga unguwanni da littafi da biro ya jiyo ta bakinsu. Amma unguwa da nisa, kicin kuwa ga shi nan taku goma. Sai ya jingina da bakin ƙofa, wai ruwan zafi yake jira, ya ce, "Mama, me mutane ke cewa ne a kan motocin haya?" Ita kuwa tana wanke kofuna tana zuba. Ta ɗauka hira ce. Ta ɗauka bawan Allah ne mai son jin labarin unguwa, har tana tausayinsa.

A bakin layinsu akwai famfon gwamnati guda ɗaya, shi gidaje kusan arba'in suka dogara da shi. Famfon nan halinsa sai shi. Yau ya kawo, gobe ya yi ta tari kamar tsoho, jibi ya yi shiru. Duk ranar da ya sa Mama ta makara, Mai Gilashi ne ke shan labari. Wata rana ta ce masa gara babu da wannan wahala. Wata rana ta ce masu kurar ruwa sun fi gwamnati cika alkawari. Ranar da ta tsaya awa biyu a layi ruwan ya ɗauke daidai kanta, ta ce a tone shi a huta. Ranakun da famfon ya kawo kuwa ba ta ce komai ba, don wa ke ba da labarin famfon da ya yi aikinsa?

Mijinta, Malam, tsohon kafinta ne, ido ya sa ya ajiye zarto ya rungumi rediyo. Wata Asabar da hantsi tana tsintar shinkafa ya kira ta ya ƙara murya. Majalisar gari ce ke shirin rufe famfunan unguwanni, a miƙa harkar ruwa ga 'yan kasuwa, bisa shawarar wani rahoto na cibiyarsu da ya jiyo ta bakin mutum biyar mazauna unguwa. Aka karanto na farko, wata 'yar kasuwa, ta ce gara babu da wannan wahala. Malam ya dube ta ta saman rediyon, ya ce shi dai shekara talatin yana jin wannan magana, a kan murhu, a kan ƙofar banɗaki, har a kansa an taɓa faɗa.

Kafin azahar ƙanwarsa ta iso, mayafi a kafaɗa. Gidanta ne na ƙarshe a layin, tana da yara bakwai da tsohuwa a kwance, kuma ba ta da halin sayen ruwan kura kullum. Ba ta ko zauna ba.

"Sannu, matar Yaya, 'yar kasuwa. Me kike sayarwa ne ba mu sani ba? Ko famfon namu ne hajar?"

Mama ta so ta yi dariya, sai ta ga idon matar ya kawo ruwa. Tsintar shinkafar da ba ta ƙarasa ba ke nan.

Ranar Litinin ta tarar da ofis a hargitse. Ashe wani ɗan majalisa mai taurin kai ya ce ba zai ɗaga hannu ba sai an kawo masa mutum biyar ɗin nan ranar Alhamis ya ji da kunnensa. Farfesa ya ce wannan ai mai sauƙi ne, ya umarci Mai Gilashi ya nemo su. Mai Gilashi ya shigo kicin ya tura ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Ya cire gilashin ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Sannan ya buɗe rahoton ya karanto mata su ɗaya bayan ɗaya: 'yar kasuwa, mai goyo, tela, ma'aikaciyar asibiti, da wani dattijo mai ritaya.

"Telan ma ni ce?"

"Ke ce, Mama."

"Dattijon fa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ai ita ce kullum take farawa da "mutane na cewa", shi kuma sai ya ga bai dace ya tara maganar mutane da yawa a bakin mutum ɗaya ba, sai ya rarraba. Yanzu roƙonsa ɗaya, ta samo masa mutum huɗu a layinsu, ya koya musu abin da za su faɗa, ita ta tsaya a 'yar kasuwa. In ba haka ba aikinsa ya tafi.

Ta dube shi. Ta san ranar da aka haifi kowane ɗansa, ita ke dafa masa ruwan da yake gasa baya da shi. Amma ta ce masa ba za ta tsaya gaban jama'a ta yi shaidar zur ba, balle ta jawo maƙwabtanta su taya ta rufe famfonsu da bakinsu. Ta ce ya wanke fuska ya biyo ta. Ta haɗa shayin Farfesa, ta ɗauki faranti, ta shiga gaba.

Farfesa ya saurara har ta gama bai taɓa kofin ba. Ya tambayi Mai Gilashi rahoto nawa aka yi wa haka. Da ya ji adadin, sai ya tashi ya je taga ya daɗe yana kallon tayoyin da aka jera a ƙasa. Mama ta yi ta jan carbi a ƙarƙashin mayafi. Can ta ce, in an ba ta dama, laifin nan a raba shi, don ita ma bakinta bai da ƙofa in famfo ya ɓata mata rai. Farfesa ya juyo ya ce ba za a kori kowa yau ba, amma ranar Alhamis su uku za su je, kuma Mai Gilashi ne zai fara magana.

Zauren majalisar na da fankoki shida, biyu ke juyawa. An jera kujeru biyar a gaba. Mama ta zauna a ta tsakiya, jakarta a cinya. Mai Gilashi ya faɗi abin da ya yi da muryar da sai an kasa kunne, Farfesa ya miƙe ya ce ya janye rahoton, ya nemi afuwa. Ɗan majalisar nan mai taurin kai ya leƙo ya tambaya ina sauran huɗun.

"Ranka ya daɗe, duk ga mu nan," in ji Mama.

Sai da shugaban zama ya bubbuga tebur kafin dariya ta lafa. Aka ce to ta faɗi ra'ayin mutum biyar ɗin. Ta ce duk abin da aka karanta ta faɗa, ba ta musu. Amma faɗan da mutum ke yi da abin gidansa daban, a zo a ɗauke masa shi daban. Ta ce famfon nan roba ɗaya ce ta mutu a kansa, an kai ƙara ofishin ruwa ya fi sau goma, alhali akwai mai gyara a layinsu da zai canza ta kafin shayi ya huce, sai dai an ce duk wanda ya taɓa kayan gwamnati za a kama shi.

Ta lura Farfesa ya zaro biro yana rubutu a bayan ambulan.

Aka ɗage maganar rufe famfo. Mai Gilashi ya yi mako uku yana yawo unguwanni da hular rana, ya yi baƙi, ya rame, ya dawo da littafi biyu cike da maganar mutane masu suna da lambar gida. Sabon rahoton ya ce kada a rufe, kada kuma a bar wa ofishin ruwa: a damƙa kowane famfo a hannun mutanen layinsa, su gyara, su tsare. Farfesa ya ce ai wannan ma shi ne ainihin aƙidarsu tun fil azal. Majalisa ta amince ba gardama, kamar yadda ta saba in takarda ta fito daga benen nan.

Da mutanen layi suka taru zaɓen wanda zai riƙe makullin famfo, ƙanwar Malam ce ta fara ɗaga hannu. Ta ce a ba matar Yaya, tun da ita kaɗai ma ta kai kwamitin mutum biyar. Mama ta ce tana da aiki, tana da ciwon gwiwa, ba wanda ya saurare ta.

Yanzu makullin na ɗaure a bakin zanenta. Tana sallame sallar asuba za ta ji ƙarar bokitai a ƙofar gida, da muryar wata tana cewa a gaya wa Uwar Ofis gari fa ya waye. In ruwa ya ɗauke, ita ake zagi. Takan tsaya ta saurara da kyau, ta gyaɗa kai, don wasu zagin ma ba su kai nata iyawa ba.