Wasan Barkwancin Da Ya Cinye Mini Sana'a A Dubai

Malam Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Ni ba marubuci ba ne, a aji biyu na sakandare na ajiye biro na shiga kasuwa, don haka in ka ga rubutun ya karkace ka miƙe shi, amma kada ka rage mini magana.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara arba'in da tara, sha shida daga ciki a Dubai na yi su. Sana'ata jagorancin 'yan kasuwa. In Alhaji ko Hajiya suka sauko daga Kano, ni zan taro su a filin jirgi, in sama musu masauki a Deira, in zaga da su shagunan sari, in yi musu ciniki da guntun Larabcina da guntun Indiyancina, sannan in raka kayan wurin kago, masu aika kaya gida. Babu lungun da ban sani ba, kuma babu wanda bai san bakina ba. A lokacin ina ɗaukar wannan abin alfahari ne. In an ce wane ba ya tauna magana, sai in ji kamar an naɗa mini rawani. Ni ne kuma kan gaba wurin ƙorafin yadda ake yi wa baƙar fata a ƙasar mutane. Ka buga waya a ce akwai ɗaki, ka je a kalli fuskarka a ce yanzun nan aka kama. Ka shiga shago a riƙa bin ka a baya kamar ka zo sata. In na fara wannan huɗubar, shayina sai ya huce.

Muna da majalisa bayan la'asar a wurin wani mai shayin karak. A can nake haɗuwa da aminina, wani Babarbare mai sayar da turare. Ni Bafulatanin Kano ne, irin wanda bai taɓa riƙe sanda ba, amma wannan bai hana mu wasan da muka gada ba. Kullum sai na sanar da jama'a cewa bawana ne, kakana ya sayi kakansa da ƙwaryar fura har aka ba shi canji. Shi kuma ya ce ƙarya nake, mu ne masu yi musu kiwo, kuma ya gan ni da idonsa ina yi wa saniyar da ke jikin gwangwanin madara sallama. A yi ta dariya, mai shayi ma da ba ya jin Hausa ya taya mu. Shekara da shekaru muna haka, ko sau ɗaya ba mu ɓata ba.

A kamfanin kagon da nake kai kaya akwai wani mutumin Kumasi, Bahaushen Zango, magidanci mai kimanin shekara talatin da takwas. Shi ke auna buhuna ya naɗe su da salatif. Baƙi ne wuluk, ba shi da hayaniya, kullum Alhaji yake ce mini. Ran nan na kai wata Hajiya da kayanta, abayoyi da takalma buhu goma sha wani abu, ga aminina shi ma ya kawo katan ɗin turare. Muka fara tsiyarmu, Hajiya da sauran 'yan kasuwa suna ta ƙyaƙyatawa, ni kuma kaina ya kumbura. Sai mutumin Kumasi ya ce buhu ɗaya ya yi nauyi, sai an rage. Maimakon in ce to, sai na juya na ce wa jama'a ga wani bawan nawa kuma ya yi baki. Na ce wannan ma ba sai an tambaya ba, a dubi launinsa kawai, irinsu ne kakanninmu ke haɗowa da goro daga Gwanja. Na ce yalla, maza ya ɗaure kaya, bawa ba ya gardama da ubangidansa a kan sikeli. Aka yi dariya sosai. Shi bai yi ba. Ya ajiye salatif ɗin a hankali, ya ce mini Alhaji, ni ma ina da uba. Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Ni kuwa har na isa tashar jirgin ƙasa ta metro ina jin daɗin yadda na ba mutane dariya.

Duk wanda ya san 'yan kasuwarmu ya san ba sa barin wurin kago sai sun ɗauki bidiyon kaya sun ɗora a waya, don masu jira a gida su ga an yi lodi. Ashe duk abin nan Hajiya tana ɗauka. Ba da mugunta ta ɗora ba, buhunanta take nunawa, sai ga ni a tsakiya ina wa'azi da hannu. Wani ya yanko wurin, wani ya rubuta fassarar Turanci a ƙasa, wani mai ƙwazo ya ƙara ta Larabci. Kafin kwana biyu har ƙanwata da ke Kano ta turo mini, tana tambaya ko ni ne ko mai kama da ni.

Muna da guruf na Hausawan Dubai a waya, mutum ɗari da wani abu. Nan aka buɗe kotu. Dattawa suka ce wasa ne na al'ada, yaran zamani ne ba su san komai ba. Masu boko suka ce wariyar launin fata ce tsagwaronta. Wani ya ce ta yaya baƙi zai yi wa baƙi wariya, wani ya ce a dubi hancina da hasken fatata a gani ko ban ɗauki kaina rabin Balarabe ba. Wani ɗan Nijar ya yi dogon bayani rabinsa Faransanci, har yau ban san ko goyon bayana ya yi ba. 'Yan Gana suka ce sun daɗe suna haƙuri da mu 'yan Najeriya, muna yi musu dariyar Hausarsu, muna yi musu kallon 'yan aiki. Da na yi shiru a nan, wataƙila da abin ya mutu. Amma ina! Na zauna na yi saƙon murya na minti goma sha huɗu. Na ce bakina nawa ne, Allah ya ba ni. Na ce kowa yana da 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, kuma ba za a kawo mana ɗabi'ar Turawa ta hana mutum wasa ba. Na ce wanda ya ji haushi ya sha ruwan teku, ga shi nan kusa. Na rufe da khalas, wato shi ke nan. Minti biyar bayan haka aka cire ni daga guruf.

Sai na ji yara suna cewa an yi mini kansil. Ni a sanina biza ake yi wa kansil, ashe har da mutum yana tafiya da ƙafafunsa. Kamfanin kago suka ce kada in sake taka musu ƙofa. 'Yan kasuwar da nake jira suka fara sauka a Dubai ba tare da sun kira ni ba, sai dai in hango su a kasuwa a bayan wani jagoran, su yi kamar suna duba waya. Hajiyar da ta ɗauki bidiyon, wadda duk wanda ya kalla yana jin dariyarta ta fi ta kowa ƙarfi, ita ce ta rubuta cewa tir da wannan hali, ba ta sake hulɗa da ni. Wannan har gobe yana ci mini rai. Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne na mai tuwo. Akwai wata baiwar Allah 'yar Gana a unguwar Hor Al Anz da nake cin tuwonta shekara tara. Na je da kwanona ta dube ni ta ce ya ƙare. Ga tukunya cike tana tururi a gabanmu. Na nuna mata, ta ce wannan na bayi ne, ba na iyayen gida ba. Wata guda cur ina cin gurasar Indiyawa da miyar wake, har wandona ya fara zamewa.

Aminina Babarbare ne kaɗai bai guje ni ba. Ya same ni a ɗaki ina ta zagin duniya, na ce masa ai shi shaida ne, abin da nake gaya masa kullum ne na gaya wa wancan. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce kai Bafulatanin banza, tun da muke ka taɓa gaya mini magana na kasa ramawa? Na ce a'a. Ya ce to wancan mutumin in ya rama, kai ne mai kawo ciniki, korarsa za a yi, bizarsa ta tafi, 'ya'yansa su rasa kuɗin makaranta. Ya ce ni da kai kakanninmu ne suka ƙulla wasan, kowa ya san ba gaske ba ne, shi wa ya ƙulla da shi? Ka ɗaure wa mutum baki sannan ka ce wasa kuke yi. Ya ƙara da cewa a satin nan gidaje uku aka hana mutumin ɗaki saboda fatarsa, yana so ya kawo matarsa. Wato abin da nake huɗuba a kai kullum, shi na ɗauka na maka masa a gaban jama'a.

Ranar Juma'a bayan an sauko ya tasa ni gaba zuwa Satwa, unguwar da mutumin Kumasi yake zaune. Ɗaki ɗaya su shida, gadaje sama da ƙasa. Mutumin ya ba ni gadonsa na zauna, ya kawo mana wake da shinkafa irin nasu da yaji mai sa hawaye. Na fara da cewa idan har maganata ta ɓata masa rai, sai aminina ya take mini ƙafa. Na sake farawa, na ce na yi maka wulaƙanci, na yi ƙarya, ka yafe mini. Sai mutumin ya ce kalmar ba sabuwa ba ce a kunnensa, yana jin ta da Larabci ya wuce abinsa. Abin da ya ƙona shi, ya ji ta da Hausa, yaren da mahaifiyarsa ke sa masa albarka da shi. Ya ce kuma cikin masu yaɗa bidiyon ba wanda ya tambaye shi ko yana so duniya ta ga fuskarsa ana ce masa bawa. 'Yarsa a Kumasi a makaranta ƙawaye suka nuna mata. Ya ce ni na mare shi sau ɗaya, masu kare shi sun maimaita marin sau dubu. Sannan ya ce ya yafe, in ci abinci kada ya huce, ya ga na rame.

A gabanmu ya yi saƙon murya ya ce ya yafe mini, yana roƙon kowa ya goge bidiyon. Ka san me ya faru? Saƙon bai je ko'ina ba. Wasu suka ce na saye shi, wasu suka ce matsoraci ne ya zubar wa baƙar fata mutunci. Mutanen da suka yi wata guda suna ihu don shi, da ya yi magana ba su saurare shi ba. An dai mayar da ni guruf, mai tuwo ma ta sauko bayan ta sa na tsaya a rana na ɗan lokaci. Amma 'yan kasuwa ba su dawo ba. Cikin ɗimbin mutanen da nake yi wa jagora biyu ne suka sake kira na, su ma a ɓoye. Sana'ar shekara goma sha shida ta mutu murus. Na fara haɗa jakata zan koma Kano, sai mutumin Kumasi ya yi wa maigidansa magana aka ɗauke ni aiki a kagon nan da aka kore ni. Yanzu ni ke rubuta sunaye a jikin buhu. Shi ne shugabana. Har yau Alhaji yake ce mini, kuma in na rubuta suna a karkace sai ya sa na sake.

Ba zan ɓoye maka ba, Malam Edita, har yanzu ina jin haushin waɗanda suka yanke mini hukunci. Yawancinsu ba zafin abin ne ya dame su ba, sun samu nama ne ya faɗi. Wasunsu na san abin da suke faɗa a kan Indiyawa da 'yan Habasha in babu waya a kusa. A ganina in mutum ya yi laifi ya nemi gafara, mai haƙƙi ya yafe, ya kamata a bar shi ya ci abinci. Amma haushin nan bai wanke ni ba. Na yi ta ihun 'yancin magana, ban taɓa tsayawa na ga cewa ni nake da shi a wurin nan, wanda nake yi wa maganar ba shi da shi.

Don haka 'yan uwana masu fita waje, musamman masu baki irin nawa, wasan barkwanci yana da masu shi. Kafin ka jefa wa mutum magana, dubi ko yana da halin da zai jefo maka tata ba tare da ya rasa abincinsa ba. In ba shi da shi, haɗiye abarka. Ku kuma masu tura bidiyo, ku riƙa tambayar wanda aka zalunta abin da yake so kafin ku yi fushi a madadinsa. Ni dai ban samu mai gaya mini wannan da wuri ba, ga ni da furfura a gemu ina koyon naɗe buhu da salatif, kuma wallahi har yanzu bai ce na iya ba.