Harsashi da Babban Turbo

Ranar an wuni ana yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sosai amma yana hana shi sakewa. Ina zaune a rumfar gareji, inda na tsufa ina facin taya, sai ga ɗan ƙanwata ya shigo da takardu uku a leda. Harsashi ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, mu dai ba mu ga abin da ya taɓa hudawa ba.

Mahaifinsa ya rasu ya bar masa tsohuwar mota mai dogon baya, da aikin da take yi: kowace safiya a ɗauko ƙwai daga gonar kaji a rarraba wa shaguna. Shekara goma sha biyu uban yana wannan jigila, bai taɓa fasa kiret ba. Da ita ake ciyar da ƙanwata da 'yan matanta uku. Shi kuwa magajin, tun da ya fara kallon motocin tsere a waya, ya ce motar tana ba shi kunya.

Takardun hotunan turbo ne iri uku: ƙarami, matsakaici da babba. Ga wanda bai sani ba, wani ƙarfe ne mai kama da dodon koɗi, hayaƙin salansa ke juya shi, shi kuma ya ɗura wa inji iska, mota ta ƙara ƙarfi. Bakaniken garejinmu ya goge hannu ya yi masa bayani a tsanake. Ya ce ƙaramin yana amsawa da an taɓa totur, shi ya dace da cikin gari. Matsakaicin sai an sauya bututai da famfon mai, an ƙara abin sanyaya iska. Babban kuwa barci yake yi har sai inji ya kai ga ihu, in ya farka kuma fizgar mota yake, fistan ɗin tsohon inji ba za su jure ba.

Harsashi bai ji ko ɗaya ba. Shi da kunne yake gwada su. Ya kunna mana kukan kowanne a waya, ya ce ƙaramin kamar butar shayi, babban kuwa kamar jirgi zai tashi.

Na ce, "Ɗana, ƙwai kake ɗauka."

Ya ce, "Kawu, kai iskar taya ka sani. Wannan ta inji ce."

Na koma kan facina. Ban yi boko ba, amma na san ƙwai.

Bakaniken ya ƙi ɗaura babban, ya ce ba da hannunsa za a kashe motar marigayi ba. Harsashi ya kai ta wani gareji inda ba a tambaya. Bayan mako biyu ya dawo yana zagaya layinmu, yana taka totur yana saki don mu ji fito. Har tabarau ya saya.

Safiyar da ya koma aiki ya loda kiret arba'in. A hawan da ke gaban kasuwa danja ta tsayar da shi, da aka ba da hannu ya taka, motar ta yi kamar ba da ita ake ba. Na baya suka dame shi da ham. Sai ya danne totur har ƙasa. Nan abin ya farka. Motar ta zabura, kiret arba'in suka tafi baya gaba ɗaya suka daki ƙofa. Wani mai shago da ya gani ya ce min gwaiduwa ta riƙa zuba ta ƙasan ƙofar har kwanar gidan mai, gogan naka bai ma waiwaya ba, yana sauraren fito.

Mai gonar mutumin kirki ne, don darajar uban ya so ya yafe. Amma Harsashi ya tsaya yana koya masa cewa laifin kiret ne, ba a yi su don gudu ba. Mutumin ya ce ya je ya nemi masu kiret ɗin gudu, ya ba wani mai a-kori-kura aikin.

Kwana tara bayan haka injin ya buga a kan hanya, fistan biyu sun narke. Da aka janyo motar garejinmu Harsashi ya ce baƙin man ne jabu. Bakaniken ya rufe bonet.

Ƙanwata ta koma ɗinki da tsufanta. Motar tana bayan gareji a kan duwatsu. Harsashi yana wankin mota a bakin titi, daga safe zuwa la'asar.