Ƙafar Daman Malam Inuwa Tela

Ina cikin aji ranar Talata da hantsi, sai na hango ƙanena Habibu tsaye a bakin taga, ba hula a kansa. Habibu ba ya fita ba hula. Kafin ya buɗe baki na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahaifinmu, Malam Inuwa Tela na Dukawuya, ya cika a shagonsa, yana zaune gaban kekensa na ɗinki.

Masu ta'aziyya sun yi ta yabon haƙurinsa. Na gode musu, amma ni ɗansa ne, zan faɗi abin da na sani: Baba bai cika haƙuri ba, bin diddigi ne halinsa. In ka kawo yadi sai ya auna ka sau biyu, ya tambaye ka sau uku irin ɗinkin da kake so, har ka ƙosa. Yakan ce mana, "Ku tambaya kafin ku sa almakashi, shi ba a ba shi haƙuri."

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ciwon ƙafarsa ya fito fili. Daga gida zuwa shago sai ya riƙa tsayawa a kowane zaure yana doguwar gaisuwa, har unguwa aka fara cewa Malam Inuwa ya shiga siyasa. Ashe sharaɓarsa ce ke ɗaurewa in ya yi 'yar tafiya, sai ya fake da gaisuwa har ta sake shi. Daga baya ƙafar dama ta yi sanyi ƙalau, babban yatsa ya soma baƙi, taka keke ya gagara. Ga shi lokacin kowa na neman babbar riga, teloli ba sa ɗaga kai, shi kuwa yana zaune yana kallon yadi.

A asibiti muka sami wani likita ɗan kudu, mutumin kirki, wanda ya tsinci Hausarsa a bakin marasa lafiya. Bayan gwaje-gwaje ya ce ciwon suga da taba sun toshe hanyar jini a ƙafar. Sai ya ce, "Baba, za mu yanke ƙafa, nan da nan."

Innarmu ta fashe da kuka. Ni kuwa, mai boko, na miƙe ina ta faɗa, na ɗauki takalman Baba na ce mu tafi gida, ba wanda zai guntule mana uba kamar rake. Har yau ina jin kunyar wannan rana.

Baba ko gezau. Ya ce, "Zauna, malamin makaranta." Ya juya ga likita. "Likita, ni tela ne. In na yanka yadi, riga nake nema. In na yanke shi, jefarwa zan yi. Kai wanne za ka yi wa ƙafata?"

Likita ya dafe kai. Yanka yake nufi. "Nan da nan" ɗin ma ba gaggawa ba ce, wuri biyu yake nunawa, cinya da ƙasan gwiwa, mu ne tsoro ya hana mu kallon yatsansa. Ya zana a takarda: zai ciro wata jijiya daga ƙafar, ya ɗinka ta sama da inda ya toshe, ya ɗinka ɗaya bakin a ƙasa, jini ya zagaya ta sabuwar hanya. Bai ɓoye mana ba cewa in aikin bai karɓa ba, to yankewar ta gaske na nan tana jira.

Baba ya ƙura wa zanen ido. "Ashe kai ma tela ne. To bismilla, amma kar ka yi ɗinkin ranar jajiberi."

Tun safe aka shiga da shi, sai bayan la'asar aka fito. Washegari wata nas ta kama yatsana ta ɗora a bayan ƙafarsa ta ce in saurara. Ƙafar ta yi ɗumi, kuma na ji bugun jini a ƙarƙashin yatsana, a hankali, ba fashi. Na yi kuka a gaban mutane, ban damu ba. Shi kuwa Baba, ranar da aka buɗe bandeji, ɗinkin ya tsaya dubawa. Ya ce wa likita, "Ba laifi. Ka riƙa zuwa shago ranar Asabar, hannunka zai faɗa."

Ya jefar da taba, ya kama shan magani da tattakin da aka umarce shi, ba wasa. Yatsan ya warke, farce kawai ya rasa. Ranar da ya koma shago, da ƙafarsa ya je, bai tsaya a zauren kowa ba, har wasu suka ji haushi. Da keken ya ɗauki ƙara, maƙwabta suka fito, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gidaje. Ɗinkin farko da ya yi, kaftani ne na likita. Shekara shida ya ƙara yana taka keken nan, ya aurar da ƙannenmu biyu, ya je Makka ya yi ɗawafi ba wanda ya tura shi a keken guragu.

Ni da Habibu muka yi masa wanka. Da muka zo alwala na wanke ƙafar dama, da dogon tabonta, sannan na wanke ta hagu. Duka biyun muka sa a likkafani.

Allah ya bai wa Inna haƙurin rashin abokin zama na shekara arba'in, ya haɗa kanmu, mu da ya bari. Allah ya saka wa likitan nan da alheri a duk inda yake. Ya Ubangiji, ka gafarta wa bawanka Inuwa, ka yalwata kabarinsa, ka sa can ta fi masa nan. Kamar yadda ka bar masa ƙafafunsa a duniya, ka tabbatar masa da su a kan siraɗi. Amin.